Shekarar korona da zaɓe: abin da ƴan Nijar suka yi tsakanin Maris 2020 da Afrilu 2021



Godiya ta tabbata ga Allah da ya kawo mu wannan biki na tunawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Da yawa daga cikin ƙannenmu da za su karanta wannan ɗan littafi suna firamare ko koleji a 2020. Abin da suka riƙe bai wuce biyu ba: an tashi lakwal ba lokacin hutu ba, kuma an yi Juma'o'i masallaci na kulle. To amma labarin ya fi haka faɗi. Daga 15 ga Maris 2020 zuwa 2 ga Afrilu 2021, shekara ɗaya da kwana 18, ƙasarmu ta ɗauki kaya biyu masu nauyi a kai guda, annobar korona da canjin shugaban ƙasa. Gwamnati ta yi nata, an rubuta a takardu. Abin da nake so mu waiwaya shi ne na talakawa: ɗalibai, ƴan kasuwa, malamai, ƙungiyoyin farar hula. Waiwaye adon tafiya ne, in ji Hausawa.

Inda aka fito

Kafin 2021, ba a taɓa ganin zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba mulki a Nijar ba. Diori Hamani sojoji suka kifar da shi ranar 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya hau. Mahamane Ousmane, wanda ya ci zaɓen 1993, Ibrahim Baré Maïnassara ya sauke shi ranar 27 ga Janairu 1996. Shi kansa Baré an harbe shi ranar 9 ga Afrilu 1999. Tandja Mamadou ya cika wa'adi biyu, ya nemi tazarce da ƙuri'ar raba gardama ta 4 ga Agusta 2009, sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka cire shi ranar 18 ga Fabrairu 2010. Wannan tsoron ne ya sa tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya rubuta a fili cewa wa'adi shekara biyar ne, sau biyu, ba ƙari.

Su ma ƴan ƙasa suna da nasu tarihin. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka yi maci a gadar Kennedy ta Yamai, aka kashe uku daga cikinsu, kuma jinin nan yana cikin abin da ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka fito don a ƙara musu kujeru a shirin taron. A 2005 ƙungiyoyi suka rufe garuruwa, ba kasuwa ba tasha, don ƙin harajin kashi 19 cikin ɗari da aka ɗora wa kayan masarufi, har gwamnati ta ja da baya a kan wasunsu. Kenan matasan 2020 ba su ne suka fara ba. Gadon da suka tarar ke nan.

Maris 2020

Kafin cutar ta shigo, zukata sun riga sun yi zafi. An kashe sojoji 71 a Inates ranar 10 ga Disamba 2019, aka kashe 89 a Shinagodar ranar 9 ga Janairu 2020. Ana cikin wannan makoki sai labarin binciken ma'aikatar tsaro ya fito: an yi aringizon kuɗi da kayan da aka biya ba a kawo ba, har rahoton farko ya ambaci miliyar 76 na sefa. Ƙungiyoyin farar hula suka kira taron gangami a Yamai ranar Lahadi 15 ga Maris. Hukuma ta hana, ta kafa hujja da matakan rigakafin korona, alhali ba a kai ga samun ko mutum ɗaya mai cutar a ƙasar ba. Jama'a suka fito, aka watsa musu barkonon tsohuwa, gobara ta tashi a kasuwar Tagabati, aƙalla mutum uku suka rasu. Aka kama shugabannin ƙungiyoyi, cikinsu har da Moussa Tchangari, Maïkoul Zodi, Halidou Mounkaila da Moudi Moussa. Tchangari ya fito a ƙarshen Afrilu, sauran ukun sai ƙarshen Satumba.

Ku riƙe wannan ranar, don ita ce mabuɗin abin da ya biyo baya. Karo na farko da talaka ya ji an ambaci korona a bakin hukuma da ƙarfi, an ambace ta ne don hana taro a kan kuɗin sojoji. Tun daga nan wasu suka ɗauka cutar ta siyasa ce.

Ranar 17 ga Maris shugaba Mahamadou Issoufou ya yi wa ƙasa jawabi. An rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, an rufe iyakokin ƙasa ga matafiya, an hana taron da ya wuce mutum 50, har suna da ɗaurin aure, an rufe makarantu tun daga na yara har jami'a daga 20 ga wata. Ranar 19 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu. A makon nan, bayan tattaunawa da shugabannin addinai, aka dakatar da sallar jam'i da ta Juma'a, coci-coci ma aka rufe. Ranar 27 aka ayyana dokar ta-ɓaci ta kiwon lafiya: hana fita a Yamai daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, da killace birnin, ba shiga ba fita. A jawabin nan ne aka yi wa fursunoni 1.540 afuwa, cikinsu har da Hama Amadou, aka kuma ce gwamnati za ta biya wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da ruwa na Afrilu da Mayu.

Rikicin masallatai

Babu matakin da ya taɓa jama'a kamar rufe masallaci. Tambayar da ke bakin kowa, daga fada zuwa majalisar dattawa, ita ce: "Yaya za a bar kasuwa a buɗe, a kulle ɗakin Allah?" Hukuma tana da amsa, cewa in aka rufe kasuwa yunwa za ta riga cutar kisa, ita kuwa salla ana iya yin ta a gida. Amma amsar ba ta isa kunnen mutane da harshen da suke ji ba, kuma ba ta fito daga bakin waɗanda suka yarda da su ba.

Malamai sun rabu. Wasu suka tunatar da tarihin Sayyidina Umar, da ya doshi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya shawarci sahabbai, ya juya da mutanensa. Suka kawo labarin Amr ɗan As, wanda a annobar Amwas ya umarci jama'a su watsu cikin duwatsu har cutar ta lafa. Suka nuna cewa shari'a ta yarda a yi salla a gida saboda ruwan sama mai tsanani, balle cuta mai kisa. Wasu kuma suka ce ba su ga gawarwaki ba, ba su ga dalilin barin Juma'a ba, suka ci gaba da jan salla, aka kama wasunsu.

A ƙarshen Maris matasa suka tashi a Mirya, cikin jihar Damagaram, aka ƙona gine-gine da motoci. Bayan kamar mako guda aka ƙona ofishin magajin garin Illela a jihar Tawa. Da azumi ya matso, wutar ta kama a Yamai, musamman unguwar Lazare, ana ƙona tayoyi kowane dare ana jifa da jami'an tsaro. Ƴan sanda suka ce sun kama mutum 108 tsakanin 17 da 19 ga Afrilu, aka kai goma kurkukun Kutukale. Ana gab da fara azumi aka sassauta hana fita, ta koma daga 9 na dare zuwa 5 na asuba. Ranar 13 ga Mayu aka buɗe masallatai da coci-coci, aka ɗage hana fita gaba ɗaya, da sharaɗin wanke hannu da barin tazara.

Akwai masu cewa tayoyin da aka ƙona ne suka buɗe masallatai. Matsin lamba ya yi tasiri, wannan gaskiya ne, kamar yadda raguwar masu kamuwa ta yi. Sai dai a lissafa abin da aka biya. Ofishin magajin gari da aka ƙona, nan ake yi wa yaro takardar haihuwa, kuma ba da ita ba ba ya zama jarrabawa. Samarin da aka kulle, iyayensu ne suka yi ta zarya da kwanon abinci cikin azumi. Cutar kuma da ake cewa ƙarya ce ta ɗauke ministan ƙwadago, Mohamed Ben Omar, ranar 3 ga Mayu. A shekarar nan ko hajji ba a je ba daga ƙasashen waje.

Lakwal da neman abinci

Daga 20 ga Maris zuwa 1 ga Yuni makarantu suna rufe, sama da mako goma. Jami'ar Abdou Moumouni da ta Maraɗi da ta Damagaram da ta Tawa duk suka watse, ɗalibai suka koma gida. An yi maganar karatu ta rediyo da talabijin da WhatsApp. Amma a ƙasar da ko mutum ɗaya cikin biyar bai da wutar lantarki a gida, kun san wa wannan karatun ya isa. Ɗan ma'aikaci a birni ya samu mushe mai zuwa gida. Ɗan manomi a ƙauye ya bi ubansa sharar gona, don rufewar ta faɗo daidai lokacinta. Da aka koma a Yuni, aka matse sauran darussa cikin wata ɗaya da rabi, damina ta kama, azuzuwan zana suna yoyo, aka ɗage BEPC da BAC zuwa Agusta. Akwai kujerun da ba a sake cika su ba: yaron da ya tafi neman kuɗi, yarinyar da aka ɗaura wa aure cikin hutun. Malaman makarantu masu zaman kansu kuwa, da yawansu albashinsu ya tsaya, tunda iyaye sun daina biya.

Ta wajen kasuwa, korona ta tarar da ciwo ne ta fama shi. Tun Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kuma ba ta fara buɗewa ba sai 16 ga Disamba 2020. Maraɗi da Ƙonni da garuruwan kudancin Damagaram da iyakar nan suke numfashi. Mai kai dabbobi da wake, mai shigo da kaya ta Ɗan Isa, direba da ɗan kamasho, duk sun riga sun jigata. Sai ga tashoshin mota sun tsaya, Yamai a killace, ƴan ci-rani sun maƙale a inda suke, kuɗin da suke aikowa ya ragu. A Yamai ƙarfe 7 na yamma lokacin magariba ne, lokacin da zafin Afrilu ke sauka, mai shayi ya kafa tebur, mai nama ya hura wuta, mai ƙosai ta ɗora kasko. Dokar hana fita ta yanke musu daidai awoyin cinikinsu. Wanda ke samun jika ɗaya ko biyu a dare ya ciyar da gida, in ka ce masa ya zauna a gida, ka ce masa ya kwana da yunwa. Rangwamen wuta da ruwa kuma ya amfani mai mita ne kawai.

A nan ne wani aikin ƴan ƙasa ya fito, wanda ba a cika ba da labarinsa ba don ba shi da hayaƙi. Teloli suka koma ɗinka takunkumin baki da hanci da atamfa. Maƙera da masu walda suka ƙera abin wanke hannu da ake takawa da ƙafa. Samari suka ajiye bokiti da sabulu a ƙofar masallatai bayan an buɗe. Ɗaliban jami'a da suka koma unguwanninsu suka tara ƙannensu masu jarrabawa, biyar-biyar a zaure ko ƙarƙashin bedi, suna bitar lissafi da faransanci. Gidajen rediyo na gari suka riƙa haɗa lokotoro da malami a shiri ɗaya, cikin Hausa da Zabarmanci, kuma irin wannan shirin ya fi sanarwar hukuma shiga. Masu hali suka gaggauta zakka da ciyarwar azumi. Ba wanda ya ba su umarni, ba wanda ya biya su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jinkar shekarar nan da waɗannan hannuwan aka ɗaga ta.

Zaɓe cikin annoba

Issoufou ya sha faɗin cewa ba zai nemi wa'adi na uku ba, ya kuma cika, a shekarar da shugabannin Gini da Kodibuwa suka nemi na uku. Ba a ɗage zaɓen shugaban ƙasa saboda cutar ba, amma ta bar tabonta: ba a samu yi wa ƴan Nijar mazauna waje rajista ba, don haka ba su yi zaɓe ba. Masu rajista sun kai kusan miliyan 7,4. Ranar 13 ga Nuwamba 2020 kotun tsarin mulki ta amince da ƴan takara 30 cikin 41, ta ƙi takarar Hama Amadou saboda hukuncin da ke kansa. Ƴan adawa kuma suka yi ta ƙara a kan takardun zama ɗan ƙasa na Mohamed Bazoum, kotuna suka yi watsi da su. Daga nan maganar ƙabila da launin fata ta shiga yaƙin neman zaɓe, ta cika WhatsApp, abin da bai dace da musulmi ba ko wane ɗan takara yake so.

An yi zaɓen ƙananan hukumomi ranar 13 ga Disamba, zagayen farko na shugaban ƙasa da na ƴan majalisa ranar 27. Daidai lokacin cutar ta dawo karo na biyu, ga filaye cike da dubban magoya baya, kafaɗa da kafaɗa. Wanda aka hana shi sahu a Afrilu ya ga wannan da idonsa, ya kuma riƙe. Bazoum na PNDS-Tarayya ya samu kashi 39 da ɗoriya, Mahamane Ousmane na RDR-Canji kusan kashi 17, aka tafi zagaye na biyu ranar 21 ga Fabrairu 2021.

Masu aikin zaɓen nan, mafi yawansu malaman makaranta ne da ɗalibai, a azuzuwan da aka rufe watannin baya. Wakilan jam'iyyu da masu sa ido na ƙungiyoyin cikin gida suka zauna tun safe har aka ƙidaya ƙuri'u da tocila. Wasu da ransu suka biya: ranar zagaye na biyu motar ma'aikatan hukumar zaɓe CENI ta taka nakiya a yankin Dargol na jihar Tilaberi, mutum bakwai suka rasu. Kafin nan, ranar 2 ga Janairu, an kashe kimanin mutum 100 a Combangu da Zarumdarey. Duk da haka sama da kashi 60 cikin ɗari na masu rajista sun fito.

Bayan sakamako

Ranar 23 ga Fabrairu CENI ta ba Bazoum kashi 55,75. Ousmane ya ce an yi maguɗi, shi ya ci da kashi 50,3. Tarzoma ta tashi a Yamai da wasu garuruwa, aka fasa kantuna da gidajen mai, aka sa wa gidan ɗan jarida Moussa Kaka wuta. Ministan cikin gida ya ce mutum biyu sun mutu, an kama 468. Aka tsare Hama Amadou. Daga 24 ga Fabrairu aka yanke intanet na wayar hannu har kwana goma, kuma wannan ya faɗa kan kowa: mai sayar da kaya ta WhatsApp, ɗalibi mai jiran darasi, har wanda ko rumfar zaɓe bai je ba. Sarakuna da limamai suka yi ta kiran a kwantar da hankali. Ousmane ya kai ƙara kotun tsarin mulki, ranar 21 ga Maris ta tabbatar da Bazoum da kashi 55,66. A ranar ce kuma aka kashe mutum 137 a yankin Tilliya na jihar Tawa.

Ranar 29 ga Maris aka fara allurar rigakafin korona. Daren 30 wayewar 31 aka ji harbe-harbe kusa da fadar shugaban ƙasa, rundunar tsaron fadar ta murƙushe yunƙurin juyin mulki. Ranar Juma'a 2 ga Afrilu 2021, a zauren taro na Mahatma Gandhi, Issoufou ya miƙa wa Bazoum mulki. Karo na farko ke nan tun 1960. Wa'adin bai kai ƙarshensa ba, don ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani. Wannan wani babi ne mai zaman kansa.

Abin da ya rage mana

In muka duba shekarar nan, za mu ga doka tana tafiya ne a kan yarda. An hana taron 15 ga Maris da sunan cuta, an kulle masallaci an bar kasuwa, an bar gangamin siyasa a Disamba. Ko da kowane mataki yana da hujjarsa, talaka bai ga ma'auni ɗaya ba, sai ya daina saurare, har lokacin da ake gaya masa gaskiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ta tsagar nan jita-jita ta shigo, ta cutar da ta zaɓe. Duk wanda Allah ya ba shugabanci a cikinmu gobe, ko na ƙungiya ne, ya san cewa mutane suna auna abin da ya yi wa na kusa da shi kafin su bi umarninsa.

Mu kuma da ake mulka, haƙƙinmu ne mu ce ba mu yarda ba. Waɗanda suka tambayi ina kuɗin sojoji suka shiga sun yi tambayar da ta dace, sun kuma sha ɗauri a kanta. Amma mu duba hanyoyin da aka bi, mu ga wace ce ta bar wani abu a hannu. Wanda ya ƙona ofishin magajin gari ya bar toka da takardun ƙannensa a ciki. Wanda ya zauna a rumfar zaɓe har dare ya fito da takardar sakamako mai sa hannu, wadda ake iya kai wa gaban alƙali. Wanda ya koyar da yara biyar a zaure ya bar yara biyar da suka shiga ɗakin jarrabawa da abin rubutawa.

Rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 16 ba. Wata annoba za ta iya zuwa, wani canjin mulki ma zai zo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu kowane reshe na ƙungiyarmu ya san yaran unguwarsa da suka bar makaranta da dalilin barinsu. Ya san waɗanda ba su da takardar haihuwa, ya raka iyayensu a yi musu. Ya saba da gayyatar malami da ma'aikacin lafiya su zauna tabarma ɗaya tun ana zaman lafiya, don ranar tsoro a san muryar da za a saurara. Kuma kowane ɗayanmu ya horar da yatsansa: saƙon da ba ka san tushensa ba, ya mutu a wayarka.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a shekarar nan, na asibiti da na kasuwar Tagabati, na Dargol da na ƙauyukan Tilaberi da Tilliya, da sojojinmu. Allah ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka, ya ba mu shugabanni masu adalci, ya sa mu zama talakawa masu faɗin gaskiya da hankali. Amin.